Daga Zangon Agege Zuwa Filin Golf Na Ikoyi

Duk Bahaushen da ya sauka Agege ba ya jin baƙunta, domin tun zamanin da fatauci ya kai kakanninsa neman goro, Hausawa suka kafa zango a nan, jirgin ƙasa kuma ya ƙara haɗa su da Kano daga 1912. A mayankar Oko-Oba mai kallo zai ga mahauci yana sara a gaɓa ɗaya ba kuskure, alhali kuwa bai tsaya yana lissafin yadda zai ɗaga hannu ba. Idonsa na kan gaɓar, hannu kuwa ya san aikinsa.

Wannan sirri shi ne ake nema a wasan golf, wanda filinsa mafi kusa yake Ikeja, maƙwabciyar Agege. Amma filin da ya fi suna a Ikko shi ne na kulob ɗin Ikoyi, wanda aka kafa a 1938. Wasan dai shi ne a bugi 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa ramuka 18, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Bugu ɗaya tak yakan raba mutum da kofi da kuɗin gasa.

Wuyar abin ita ce, saukowar sanda ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Wanda ya cika kansa da tunanin gwiwa da kafaɗa da wuyan hannu a wannan ɗan lokaci, jikinsa zai sandare, ƙwallo ta bi daji. Saboda haka gwanaye sukan riƙe tunani guda kawai. Wani yakan ƙirga uku yana ɗaga sanda, ya sauke a na huɗu. Wani yakan kafa ido a bayan ƙwallo har sanda ta wuce. Jack Nicklaus na Amurka kuwa sai ya ga tafiyar ƙwallon a zuci kafin ya buga. Sauran gyare-gyare a wurin koyo ake barinsu.

Filin Ikoyi ya shaida amfanin wannan natsuwa a gasar Nijeriya, tun lokacin da ake daɓe bakin ramuka da yashi da mai maimakon ciyawa. Sandy Lyle ya ci a 1978. A 1981 Peter Tupling, mutumin Ingila, ya gama zagaye huɗu da bugu 255, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Vijay Singh na tsibirin Fiji, wanda ya shahara da yawan koyo, ya ci a 1988 da 1989, kafin ya ɗauki gasar Masters a 2000.

To, jama'a, matashin Agege da ke sha'awar wannan wasa ba sai ya je Turai neman darasin farko ba. Ya tsaya Oko-Oba ya dubi mahauci. Hankali ke gani, ido gululu ne.