Fara Ce Ko Baƙa?



Yau ina so mu tattauna a kan wata 'yar tambaya wadda ba ta wuce kalma huɗu ba, amma ta sha rushe aure tun ba a kai goro ba. In yaro ya zo ya ce wa uwarsa ya ga yarinya yana so, tun ba a tambayi sallarta ko hankalinta ba, sai ki ji wata gwaggo daga ƙuryar ɗaki ta ce, "Fara ce ko baƙa?" In aka ce fara ce, sai guɗa. In aka ce wankan tarwaɗa ce, sai a ce to, ba laifi. In kuwa aka ce baƙa ce, sai ɗaki ya yi tsit, can wata ta nisa ta ce, "Ai hali a ke aure," da irin muryar da a ke yi wa mutum jaje.

Ni a Ƙofar Kwaya aka haife ni, nan na yi aure, nan kuma na aurar. Shekaruna sun kai a riƙa aikena ganin yarinya, da kai kayan na-gani-ina-so, da rakiyar lefe. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba a kasuwa na tsinto shi ba. Na zauna a kan tabarmin gidaje da yawa, daga nan har Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri, na ji abin da mu ke faɗi in baƙi sun fita.

Abin da ya ke ɗaure mini kai shi ne, mu ɗin nan duka, da farar cikinmu da baƙar, suna ɗaya duniya ta sa mana, watau baƙar fata. Kuma mun san ɗacin sunan in ya fito daga bakin wani. Zamanin Turawa, dokar Gwamna Lugga ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da gidajen 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya cije mu ya je ya cije su. Iyayenmu da suka yi aikin kuku da boyi a Bariki sun ba mu labari. Ba a taɓa tsayar da ɗayansu an ce, kai da ya ke kana da ɗan haske, shigo ta ƙofar gaba ba.

A kan aure kuwa abin ya fi muni. Akwai wani ɗan sarki a ƙasar da yanzu a ke kira Botsuwana, sunansa Seretse Khama. Yana karatun lauya a London ya auri wata Baturiya, Ruth Williams, a 1948. Turawan Afirka ta Kudu, waɗanda suka kafa dokar hana auren fari da baƙi a 1949, suka tasa Gwamnatin Ingila gaba, har aka hana shi zaman ƙasar ubansa. Sai 1956 ya koma gida, bayan ya haƙura da sarautar. Ikon Allah, a 1966 shi ya zama shugaban ƙasar na farko, matar nan tana gefensa. A Amurka ma, har 1967 akwai jihohi 16 da irin wannan aure ya ke laifi, sai da Kotun Ƙoli ta rushe dokar. In mun ji irin wannan labari mukan riƙe baki mu ce, kai, Turawa ba su da ta ido.

Kada kuma ku ce Turawa kaɗai ne. Duk wadda ta je aikin Hajji ta san yadda wani mai kanti ya kan dube ta ya ce "Takari," ya juya ya fara sallamar wadda ta zo bayanta. A 1962 aka soke bauta a Saudiyya, amma kallon bai gama sokuwa ba. A 2017 duniya ta ga hoton yadda a ke gwanjon 'yan Afirka a Libiya, ƙasar da samarinmu su ke bi ta Maraɗi da Agadas su tafi neman kuɗi. Maganar ta daɗe. Wajen shekarar 1615 fataken Tuwat, irin waɗanda su ke zuwa ciniki nan Katsina, suka aika wa Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu da tambaya a kan wane ne ya halatta a saya a sayar cikin baƙar fata. Malamin nan, wanda shi kansa an taɓa kama shi an kai shi Marrakesh a ɗaure, ya amsa musu cewa baƙin launi ba shi ne dalilin bauta ba, ya kuma ambaci mutanen Katsina da Kano da Barno cikin Musulmin da ba a taɓawa. Shekara 400 ke nan da wani ya tsaya mana a kan wannan.

To, 'yan'uwa, mu da aka tsaya wa, me mu ke yi a zaurukanmu?

Bari in ba ku labarin ɗiyar ƙanena. Yarinya ce baƙa, irin baƙin nan mai sheƙi kamar an buga turkuɗi, doguwa, ga wushirya. Ta yi karatun koyarwa, tana da aji a wata makarantar firamare. Wani yaro ma'aikaci ya yi shekara guda cur yana zuwa zance wurinta, Alhamis da Lahadi ba fashi. Ubanta ya ce ya turo. Aka aiko mata uku su gan ta. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo fura, ta durƙusa ta gaishe su. Ina zaune. Babbar cikinsu ta dube ta sama da ƙasa, ta juyo gare ni tana murmushi ta ce, "Hajiya, halan uwarta ta biyo?" Na ce, "A'a Yaya, mu ta biyo." Aka yi dariya, aka sha fura, aka yi sallama lafiya.

Daga ran nan sai Alhamis ta zo ba yaro. Bayan mako uku aka aiko cewa an yi istihara abin bai yi ba. Garin nan kuwa ba ya ɓoye magana. Muka ji ainihin abin da uwar ta ce, wai danginsu duka farare ne, ba za a ɓata mata iri ba. Iri! Sai ka ce zancen awaki a ke yi a kasuwar Mai'aduwa.

Yarinyar ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta kuma fasa zuwa aikinta ba. Sai bayan wata huɗu, ina yi mata kitso, na ga bayan kunnenta baƙi, kumatunta sun yi ja kamar ɗanyen nama, gaɓoɓin yatsunta kuwa sun ƙi bin sauran hannun. Na ce, "Ke, me ki ke shafawa?" Ta yi shiru. Can ta ce, "Gwaggo, na gaji da a ce ina da hali." Wallahi na rasa abin da zan ce mata. Na ci gaba da kitson, hannuna yana rawa.

Wannan mai da a ke kira na bilicin, ya kamata kowace uwa ta san abin da ke cikinsa. Yawanci abu uku ne. Akwai wani sinadari, haidurokwinon, mai hana fata yin baƙin da Allah ya sa mata don ya kare ta daga rana. Akwai sitiroyid, wanda asalinsa magani ne na ƙaiƙayi da kumburi da likita kan bayar na 'yan kwanaki, mu kuwa mu shafe shekaru muna mulka shi. Sa'an nan akwai zaiba, wadda ke ratsa fata ta shiga jini ta taɓa ƙoda. Fatar sai ta yi laushi kamar takarda, jijiyoyi su fito kore-kore, rana ta riƙa ƙona ta, ciwo in ya samu ya daɗe bai warke ba. Daga ƙarshe wasu sai fuskar ta yi dabbare-dabbare da wani baƙi mai kauri wanda ya fi na farko, kuma ba ya fita. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka. Ƙasar Kwaddibuwa ta hana su tun 2015. A 2023 hukumar NAFDAC ta ce lamarin ya kai matsayin ta-ɓaci a ƙasar nan. Duk da haka ku shiga kasuwa ku ga masu haɗi, kowace da robobinta ba suna ba takarda. Na ga wadda ta ke shafa wa jaririyarta, wai don kada ta tashi ta sha abin da ita ta sha.

Wa'azi a kan 'yan matan yana da sauƙi, kuma an yi shi har an gaji. A ce sun raina halittar Allah, a ce sun zama kala biyu kamar lemon kwalba. Ni dai ban ga amfanin zagin wanda ya faɗa rijiya ba alhali mu muka gina ta a bakin ƙofa. Wa ya koya musu farar mace alkyabbar mata? Wa ya ce farar mace lantarkin gida? Wa ya ce fara ko mayya ce? Ba a Ingila aka yi waɗannan maganganu ba. A bakinmu suka ji su, tun suna goye.

Kuma abin ya bar ɗaki ya fita fili. Ku kalli finafinanmu na Hausa ku lura da wadda a kan ba matsayin amaryar da a ke rububi, ku lura da wadda a kan ba 'yar aiki ko muguwar kishiya. Ku dubi allunan talla a kan titi. Ku dubi hotunan bikin manya in sun bazu a waya, ku karanta abin da a ke rubutawa a ƙarƙashi in amarya baƙa ce. Yanzu ma wayar da kanta tana wanke mutum. Yarinya ta ɗauki hoto ta danna wani wuri, sai ta koma Balarabiya, ta aika wa saurayin da suka haɗu a Facebook. Ranar da zai zo zance na farko ta kwana ba barci, don ta san fitilar zaure ba ta da wannan madanni.

Kuna tune da watan Disamba na 2020, da wata Baturiya 'yar Amurka ta zo Panshekara a Kano ta auri wani saurayi da suka haɗu a Instagram? Allah ya sani ban ga laifinsu ba, aure ne, an ɗaura shi bisa sunna. Abin da na lura da shi mutanenmu ne. Gari ya ɗauka, samari suna ta cewa yaro ya tsinci dami a kala, kowa na roƙon Allah ya ba shi tasa. Ba wanda ya tambayi asalinta, ko sana'ar kakanta. Amma 'yar maƙwabcinka da ka san ta tun tana tallan goro, sai an tono ko kakan kakanta bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci, ko wanzami. An soke bauta ɗungum a Arewa tun 1936, amma a wajen neman aure har yau tana da rai. Sau da yawa kuma "ba su da asali" da "ta cika baƙi" tagwaye ne, in an ji kunyar faɗin ɗaya sai a faɗi ɗayan.

Na san wata za ta ce, ai so ba a yi masa dole, kowa da abin da idonsa ke so. Gaskiya ne. Wani doguwa ya ke so, wani gajera, ba mai kai shi ƙara wurin alƙali. Amma yaron da na ba ku labari idonsa ya riga ya zaɓa, shekara guda yana sintiri a ƙofar gidanmu. Mata 'yan'uwanmu ne suka zaɓa masa wani idon. Kuma in so ne kawai, don me zaɓin dubban mutane zai karkata gefe guda kamar gero a iska? Kakanninmu da suka fi mu sanin kyau, rawanin da suka fi ji da shi baƙi ne, ɗan Kura, mai barin shuni a goshi. Malamanmu na Malikiyya kuwa, in suna maganar dacewar miji da mata, addini su ke dubawa da lafiya daga aibu. Launi ba ya cikin lissafi.

Abin dariya, abin tausayi, farar ma ba ta tsira ba. Ina da ƙawa Bafillatana, fara sol tun haihuwa. Ta ce mini duk gidan da ta shiga sai an leƙa yatsunta a ga ko na kanti ne. Mijinta na fari ya aure ta don a gani a yaba, da aka gama gani sai ya rasa abin da zai yi da ita. Watau an mai da mu haja, wata an yi mata tsada, wata araha, amma duk a faifai ɗaya mu ke.

Ɗiyar ƙanena ta bar shafawa, bayan wata likitar fata ta zaunar da ita ta nuna mata hotunan waɗanda suka shekara goma a kai. Launinta ya fi wata shida kafin ya dawo daidai, a tsakanin nan kuwa ta sha tambaya a makaranta, har yaran ajinta suna cewa Malama ko ba ki da lafiya. Har yanzu tana gidan ubanta. Wani yana zuwa, an ce bayan Salla za su turo mata. Na riga na gaya wa ƙanena ni zan tarbe su, kuma ni zan fara tambaya.

Ku kuwa samarin Katsina, masu karanta filin mata a ɓoye, ina da tambaya gare ku, ina kuma roƙon Edita ya buga amsarku in kun aiko. In ka kai yarinya gida, Inna ta ce ta yi baƙi, me ka kan ce mata?