Harsashin zabo ba ya kayar da barewa

Sa'ar maharbi tun daga gida take farawa, lokacin da yake zaɓen abin da zai ɗura wa bindigarsa. Wannan shi ne babban abin da na koya a shekarun da na yi ina bin manyan maharban Sanyinna zuwa dazukan ƙasar Tambuwal da Kebbe, zamanin da mutum kan fita da asuba ya tarar da sawun gada da barewa a bayan gonaki. Yawancinmu bindigar toka muke riƙewa, ƙirar maƙeran gida, mai ɗuri ta baki. Ɗaiɗaikun masu hali ne suka mallaki mai baki biyu ta kanti. Ƙaramar bindiga kuwa ba ta ɗaukar ganganci. Harbi ɗaya gare ka, kafin ka sake ɗuri nama ya sha daji.

Kowane nama da harsashinsa. Ƙananan ƙwayoyin dalma, masu kama da tsabar dawa, na zabo ne da fakara da zomo, domin suna bajewa su rufe wuri. Amma in ka watsa wa barewa su, iyakarsu fata da tsoka. Ba su da nauyin da za su kai ga makasa. Ita sai manyan ƙwayoyi, kaɗan masu nauyi, da za su ratsa haƙarƙari a bayan allon kafaɗa su isa huhu da zuciya. Masu bindigar kanti a jikin kwanso suke karanta nasu: lamba 4 ko 6 na tsuntsu ne, BB ya ɗara su girma, AAA da SSG su ne manya.

Sarkin Bakanmu na wancan lokaci, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya shiga ayari sai ya binciki jakarsa. Na ga ranar da ya zazzage ta wani saurayi a tafin hannunsa, a hasken aci-balbal, yana motsa abin da ɗan yatsa: ƙananan dalma, guntayen ƙusa, da boris ɗin keke.

"Ɗana, mi za ka harbi da wanga?"

"Barewa, Baba."

"Wanga na zabo na. Ƙusa kau, kai ga kafinta."

Ya ware dalmar ya mayar masa, ya zuba sauran a aljihunsa, bai ƙara cewa uffan ba. Sai da muka girma muka gane dalili. Ƙusa ba ta tafiya saiti, ga ta da kankare cikin bututun bindiga. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ƙarfinsa kan mutu da wuri, kuma in ya bugi dutse yana iya dawowa kan mutane.

Wani ruɗin ƙuruciya shi ne zaton yawan albarushi zai mayar da ƙaramar bindiga babba. Ba ya mayarwa. Fasa ta yake yi. Duk wanda ya daɗe cikin maharba ya san wani da yatsunsa ba su cika ba saboda haka. Kowace bindiga da ma'auninta da irin ƙwayar da take so, kuma ba a sanin wannan sai an gwada. Mukan kafa tsohon faifai a jikin ganuwa, mu ja da baya, mu harba, mu je mu ƙirga hujin. Inda ƙwayoyi suka fara watsewa, nan ne iyakar bindigarka. Ga tawa, bayan taki talatin ba ni da magana da barewa, sai dai in lallaɓa ta ƙarƙashin iska in ƙara matsowa, ko in haƙura.

Da yaranmu masu karatu suka riƙa ba ni labarin maharban Turai, sai na ga ashe damuwar ɗaya ce. A Ingila, dokar 1991 ta hana harbin manyan dangin barewa da bindigar da faɗin bakinta bai kai inci 0.240 ba, ta kuma wajabta harsashi mai laushin kai ko mai rami, wanda ke buɗewa a cikin jiki ya kashe nan take. Bindigarsu mai suna .243 Winchester, wadda ta fito a 1955, tana cikin ƙananan da dokar ta yarda da su. Ko a cikinta akwai zaɓi: harsashi marar nauyi na dila ne, tarwatsewa yake yi da zarar ya taɓa jiki, na barewa shi ne mai nauyin kusan giram shida da rabi. Kayansu ya fi namu, amma hukuncin bai canza ba.

Mu kuwa tun kafin dokar Nasara, addini ya riga ya ɗaure mu. A zauren karatu mun ji daga Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce. Dole ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, in ka tarar da dabba da sauran rai ka yanka ta, kuma malamai suna da magana mai tsawo a kan naman da ya ɓace maka ya kwana a daji. To dubi wanda ya harbi barewa da harsashin zabo: ta gudu da ciwo, ta yi kwanaki tana ɗingishi, ƙuda na bi, ta mutu mushe a cikin sarƙaƙiya. Bai ci ba, iyalinsa ba su ci ba, ga alhakin rai. Da mugun rawa gara ƙin tashi.

Akwai abin da sai da tsufa ya zo muka sani. Dalmar nan da muke taɓawa kullum guba ce. A 2010 gubarta, daga niƙan dutsen zinari, ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, nan maƙwabtanmu a Zamfara. Tun daga lokacin nake cewa a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar, a tsince ƙwayoyin tsaf kafin a ɗora tukunya, kada yaro ko mai ciki su haɗiya.

Yau dajin ba shi ne na da ba. Farin 1973 da na 1984 sun ci rabonsu, gonaki sun cinye saura, barewa ta zama sai labari, ɓarayin daji kuma sun hana shiga wurare da dama. Dokar makamai ta 1959 tana nan, ko bindigar toka ce sai da lasisi. Saboda haka in saurayi ya zo yana tambayata wane harsashi ya fi, nakan fara tambayarsa wace dabba, daga wace tazara, a wane lokaci. In damina ce, lokacin ciki da goyo, ko mace ce da ɗa a bayanta, amsar ita ce babu.

Ma'aunin nan kuma ya yi mini aiki a wajen daji. Na ga magidanta sun ɗauki auren da ya fi rumbunsu, na ga manoma sun share gonar da ta fi hannunsu, duk suna zaton ƙarin ƙarfin hali zai cike giɓi. Mutum ya san iyakar abin da ke hannunsa, ya nufi abin da zai iya gamawa, wanda ya fi ƙarfinsa kuma ya bar shi da lafiyarsa.