Mai Gyaɗar Kuba a Zangon Kumasi

Mahaifina ya yi wajen shekara ashirin yana fataucin goro tsakanin Kumasi da Kano. Da ya rasu, bayan tsohuwar adakarsa, abin da ya bar mana a kunne shi ne wani ɗan sauti da yake yi da hanci idan yana yayyafa wa huhun goro ruwa. Ba ta Shata ba ce, ba ta Indiya ba ce. Idan muka tambaye shi sai ya ce, "A Zango na tsince ta." Iyakarta ke nan.

Bana kuɗin kayana suka maƙale a hannun wani dillali, kwana uku suka zama tara. Wanda ya taɓa jiran kuɗi a garin mutane ya san yadda rana take ƙin faɗuwa. Sai na shiga yawo: in sha koko da ƙosai a Aboabo, in gangara Alabar, in leƙa Kejetia in ga cunkoso, in dawo Asawase a keken da suke kira pragya.

Kada wani ya ce na ce Zango garin salsa ne. Abin da ke tashi a lasifika wa'azi ne, da waƙoƙin finafinan Kano, da highlife, da asakaa na samarin Kumasi. Masu jin kiɗan Latin tsiraru ne, kuma sai an yi dace. Ni a shagon wani dattijo mai gyaran rediyo na same su, a Sabon Zango, bayan la'asar, su huɗu a kan benci. Ƙaho ne ya tsayar da ni, da wasu 'yan sanduna biyu da ake bugawa: uku, sai biyu, uku, sai biyu.

"Baba, wannan kiɗan ina ne?"

"Zauna mana, ɗana. Ba a tambayar Kuba a tsaye."

Ya ce sunan bugun klabe, kuma in na saurari ƙararrawar kpanlogo ta mutanen Ga a Akara, shi zan ji sak. Bayi ne suka tafi da shi, faifai ya dawo da shi. Daga 1933 kamfanin His Master's Voice ya riƙa buga faifan garmaho na kiɗan Kuba masu lamba GV domin kasuwar Afirka. Su suka haifi rumbar Kwango, kuma ko E.T. Mensah, sarkin highlife, ƙungiyarsa ta Tempos ta ɗauki ganguna irin na Kuba.

Abin da suke yayi yanzu duk yana cikin memori ɗaya, kuma kullum sai an yi gardama a kai. Dattijon ba ya haɗa Africando da kowa, ƙungiyar da Ibrahima Sylla na Senegal da Boncana Maïga na Mali suka haɗa, ta fitar da kundinta na farko a 1993: muryoyin Dakar, makaɗan New York. "Yay Boy" sau uku aka sa ta a zamana. Wani tela ɗan asalin Jugu ya ce duk wanda bai ji Gnonnas Pedro na Benin ba, bai ji komai ba. Na ukunsu ba Bahaushe ba ne, yana cikin yaran da Gana ta tura karatu Tsibirin Matasa a Kuba a shekarun 1980, zamanin Rawlings. Shi ke fassara musu Sifaniyanci, kuma shi Celia Cruz ce tasa. "Ya yi waƙa a Kinshasa a 1974," in ji tela. Na ɗan rikice kafin na tuna Hausar Zango ba ruwanta da raba mace da namiji.

Jikan mai shagon, wanda ke tura wa mutane waƙoƙi a waya, Marc Anthony yake so, musamman "Vivir Mi Vida" ta 2013. Kakan ya taɓe baki ya ce ai ta Khaled ce ɗan Aljeriya, riga kawai aka sake mata. Gaskiyarsa. Amma ni dai ta yi mini daɗi, ban faɗa ba ne saboda shayin dattijon nake sha.

A rana ta uku na yi ƙarfin hali. Na ce akwai wani sauti na mahaifina, kada su yi dariya. Na yi shi da hanci, rabi da rabi, muryata tana rawa. Ban kai ƙarshe ba tela ya karɓe, ɗan Kuba ya bi shi da tafi.

"El Manisero," in ji mai shago. "Mai gyaɗa. Talla ce fa! Mutum ne yake kiran a fito a sayi gyaɗa kafin ya wuce."

Moisés Simons ne ya tsara ta, ƙungiyar Don Azpiazu ta ɗauke ta a New York a 1930, tana cikin faifan GV na farko-farko. Ashe shekara da shekaru Alhaji yana gyaran goro da waƙar ɗan'uwansa ɗan talla, daga wani tsibiri da bai taɓa gani ba. Da yaron ya kunna ta, sai na ce hayaƙin gawayi ne ya shiga mini ido. Babu wanda ya musa.

Kuɗina sun fito ranar Alhamis, da gibin da har yau nake bi. Daren nan na tura wa Hajiya waƙar ta WhatsApp, ban ce mata komai ba. Da asuba na tarar da saƙon murya. Ta daɗe shiru kafin ta yi magana.

"Ita ce. Amma shi ba ya yin ta da sauri haka."