Ushafa: Inda Ake Hana Tukunya Tsagewa Tun Tana Ɗanya

Uwargida, in kin taɓa sayen randa, kika cika ta da ruwa, washegari kika tarar ta jiƙa miki tsakar ɗaki, to biyo ni Ushafa. Ƙauyen Gbagyi ne a yankin Bwari, cikin duwatsu, kusa da madatsar ruwa ta Usuma. Nan aka kai shugaban Amurka Bill Clinton a shekarar 2000. Ni kuwa takaicin randa biyu da suka dare min a hunturu guda ne ya kai ni.

Kafin ki ga tukunya, turmi za ki fara gani. Mata na daka tsingaron tsofaffin tukwane, su tankaɗe, su cuɗa garin da yumɓu. Yumɓu zalla yana tsukewa sosai in yana bushewa, wurin tsukewar nan yake tsagewa. Garin tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, shi ke riƙe jikin tukunyar. Sai cuɗa, har a tsince tsakuwa, a fitar da iska. Na gwada, ban yi minti biyar ba kafaɗuna suka sage.

Wata dattijuwa ta kama hannuna ta shafa cikin tulun da take ginawa. Kaurinsa ɗaya daga gindi har wuya. In wani gefe ya fi kauri, siririn zai riga shi bushewa, su ja juna.

Shanya ce ta fi ba ni mamaki. Ga rana ƙwal, amma tukwane na inuwa, an rufe bakinsu da tsumma, don baki ke fara bushewa. Kwanaki ake yi, iskar hunturu kuma abokiyar gaba ce. Ranar gashi ma sai an fara ɗumama su da 'yar wutar ciyawa, domin sauran danshi kan zama tururi ya fasa tukunya, har ta ɓata na kusa da ita. Aikin makonni ke nan, da kuɗin makarantar yara. In an kwashe, da zafinsu ake yayyafa musu makuba.

In za ki saya, ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Mai lafiya tana amsawa rau, mai ɓoyayyar tsaga sai ki ji dum. Haka na yi ta yi har na ajiye uku, dattijuwar na dariya, kafin na ɗauki ta huɗu na naɗe ta da zanena, na rungumo ta a cinya har gida.