Masoron Penja da tukunyar gidana

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina ɗauko albasa daga Marwa ina saukewa a kasuwar Sandaga ta Duwala, amma ban taɓa taka garin Penja ba sai bara. Ciwo ne kuma ya kai ni.

Wata safiya muna cikin sauke kaya jiri ya ɗebe ni, sai da yaran mota suka riƙe ni. A asibiti aka gwada aka ce hawan jini ne. Likita ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da dunƙule. Ya ce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da tsire. Gabana ya faɗi, don shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da mahaifina shekara huɗu kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Hajiya da ta ji, sai ta janye gishiri da dunƙule a rana ɗaya. Miya ta zama salam. Yara suka fara ture kwano, ni kuma, Allah Ya yafe mini, na koma laɓewa wajen mai tsire bayan isha'i. Wata 'yar kasuwa da ke sarar albasa a wurina, mutuniyar yankin Mungo, ta ji ina ƙorafi. Ta yi dariya ta ce, “Alhaji, kana zaune kusa da garin masoro kana kukan miya? Je ka Penja.”

Daga Duwala za ka haye gadar kogin Wuri ka bi ta Bonaberi, ka kama hanyar Nkongsamba. Tafiyar kamar awa biyu ce in babu cunkoso. Kana wuce Mbanga sai gonakin ayaba dama da hagu, ido bai ganin ƙarshensu, ga mata a bakin titi da tulin abarba da gwanda. Ɗan arewa irina wanda ya saba da jar ƙasa da rairayi, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne ƙasar wurin: baƙa ƙirin, mai laushi. Tsohuwar tokar duwatsu masu aman wuta ce, ga dutsen Kupe can yana leƙen garin.

Na ɗauka masoro bishiya ce. Ashe yaɗo yake yi, yana naɗe jikin itatuwan da aka dasa masa, 'ya'yan na reto a jere kamar carbi. Wani manomi ya zaga da ni gonarsa, ya nuna mini cewa kore da baƙi da fari duk uwarsu ɗaya. In an tsinke shi bai nuna ba aka shanya, shi ne baƙi. In an bari ya yi ja, aka jiƙa shi kwanaki a ruwa, aka murje ɓawon aka shanya, shi ne farin da Penja ta yi suna da shi. Ya bambanta da namu masoron na gida mai 'yar wutsiya. A 2013 hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta yi wa sunan rajista, don kada wani ya kira nasa na Penja alhali ba can aka noma ba. Na tauna ƙwaya ɗaya. Ƙamshin ne ya fara cika mini hanci, zafin ya biyo baya a hankali.

A kasuwar garin na ga sauran kayan ƙamshin mutanen kudu, waɗanda na yi shekaru ina wucewa ban tanka musu ba. Akwai njansang, 'yan ƙwayoyi masu maiƙo, ruwan ƙasa-ƙasa. Akwai rondel, ƙwallon wata bishiyar kurmi mai warin tafarnuwa. Akwai pebe, wanda da na shinshina na ce, ai wannan gyaɗar miyarmu ce! Na sayi kaɗan-kaɗan, don farin masoron akwai tsada, sai dai ɗan kaɗan ke isar tukunya.

Ga abin da muka koya ni da Hajiya a wata shida, bayan mun ɓata tukunya ba ɗaya ba.

Kada a janye dunƙule a tashi ɗaya. Kusan rabinsa gishiri ne, gaskiya, amma harshe sai da lallashi. Mu daga uku muka koma biyu, bayan sati biyu muka koma ɗaya, yanzu rabi. Gurbinsa daddawa ce da albasa mai yawa da aka soya ta yi laushi.

Masoro a ajiye shi da ƙwayarsa cikin kwalba mai murfi, nesa da murhu. A daka daidai na ranar, a barbaɗa ana gab da saukewa, don dogon tafasa na kashe ƙamshinsa. Njansang kuwa a ɗan gasa shi a busasshen kasko, a niƙa da tumatir da citta. Yana ɗaure romon kifi kamar agushi, ba sai an tuttula mai ba. Rondel rabin ƙwallo ya ishi babbar tukunya. Ranar da Hajiya ta sa biyu, har maƙwabta sai da suka yi tambaya.

Mai kuma a daina zubawa daga bakin galan, a auna da cokali. Wake a jiƙa shi tun dare maimakon a cika masa kanwa, don ita ma 'yar'uwar gishiri ce wajen mai hawan jini. Gasasshen kifi a matsa masa lemon tsami, ba za ka nemi gishiri ba.

Kada wani ya ce na ce masoro magani ne. Ina shan ƙwayoyina kullum, ina zuwa gwaji duk wata. Amfanin kayan ƙamshin shi ne sun sa na iya bin dokar likita ba tare da na gudu daga kwanon gidana ba, kuma yarana suna tasowa da harshen da bai saba da gishiri mai yawa ba.

Mu fatake mun san farashin komai a garuruwan mutane, amma sau da yawa ba mu san abin da ke cikin tukunyarsu ba. Ɗan'uwa, ko a Kumasi kake ko a Njamena, in ka shiga kasuwa gobe ka tsaya wajen mai kayan miya, ka tambaye ta sunan abin da ba ka sani ba da yadda ake sa shi. Ka sayi na gwaji ka kai wa uwargida. In kuma ka haura arba'in, ka biya a gwada jininka kafin jiri ya riga ka. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.