Ruwa na sassauta ciwon gwiwa, amma ba kowane ruwa ba

Idan akwai dattijo a gidanku da ya koma yin sallah a kan kujera saboda gwiwa, ku duba ledar magungunansa. Da wuya ku rasa diclofenac ko ibuprofen. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan, domin mu mutanen Machina, Nguru da Gashuwa ba sai an yi mana bayanin ciwon ƙoda ba. Gashuwa har ta yi ƙaurin suna a kansa. Shan waɗannan ƙwayoyi kullum kuwa yana wahalar da ƙoda, balle ta tsoho.

Likitocin gashin ƙashi suna da wata dabara ga masu amosanin gaɓɓai: motsa jiki a cikin ruwa. Idan ruwa ya kai wa mutum ƙugu, ya ɗauke masa kusan rabin nauyinsa. Ya kai ƙirji, ya fi haka. Sai gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa a tudu ta yarda, tsokar cinya ta yi ƙwari, ita ce kuwa ke tallafe gwiwa.

Za ku ce ai ruwa a Nguru ba a magana. To a nan gizo ke saƙar. Tafkin Nguru da fadamun kogin Yobe, musamman inda kachala ta cika, mazaunin dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ne, kuma ta fata cutar ke shiga, ba sai an sha ba. Ga santsin laka. Tsohuwa ta zame ta karya ƙugu, an gudu ba a tsira ba. Ni dai ba zan kai mahaifiyata can ba.

A Machina, ga yadda muke yi mata: ruwan burtsatse mai ɗumi a babban baho, ta zauna a kujera ta tsoma ƙafafu har ƙwauri, tana juya idon sawu kamar minti 15. Hannu kuma a roba, tana matse soso tana saki. Baho ba ya ɗauke nauyin jiki, amma ɗumin yana sakin gaɓa, musamman da hunturu. Tana tsame ƙafa sai ta riƙa miƙe gwiwa tana saukewa, sau 10 kowace ƙafa.

Mai ciwon suga ba lallai ƙafarsa ta ji zafi ba, don haka ku fara gwada ruwan da gwiwar hannunku. Gaɓar da ta kumbura tana zafi rau, ko ga zazzaɓi, kada ku gasa ta. Ku kai shi asibiti a ranar.