Baƙo raɓa ne

Ni mutumin Dogarawa ne. Gidanmu manoma ne, gero da albasa. Amma ni rabin rayuwata a aikin otel da gidan abinci na yi ta. Ga abin da na gani.

A shekarar 1988 na tafi cin rani Agadas. Muka bi ta Tsarnawa, muka wuce Tawa da Abalak. Na samu aikin wankin kwanoni a wani otel. Lokacin, in ɗari ya shigo, nasara sai su cika gari. Suna zuwa kallon duwatsun Ayar da rairayin Tenere. Masu tseren motoci na Paris zuwa Dakar ma suna biyowa ta nan.

Albashina kaɗan ne. Amma akwai kado. Ka ɗauki jakar baƙo, ya ba ka wani abu. Ka kawo mishi shayi, ya ba ka wani abu. Wani watan kado ya fi albashi. Na sayi rediyo. Na aika wa inna kuɗin tunkiya. Ina ji kamar na gama da talauci.

Akwai wani tsohon kuku da muke kira Baba. Ran nan ya gan ni ina ƙirgar kuɗi. Ya ce: "Yaro, baƙo raɓa ne. Abin da anka rubuta maka shi ne naka." Na yi dariya. Ni ko takarda ban da ita. Da baki muka yi magana da mai gida.

A 1990 tawaye ya tashi a arewa. Baƙi suka fara ɗaukewa. Kado ya tafi, ya bar mu da albashi tsirara. Daga baya shi ma albashin ya koma yau da gobe. Mai gida ya ce mu yi haƙuri. Ya sallame mu, mu shida. Ina bin shi wata uku, amma ba ni da shaida. Na dawo gida hannu sake.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar Sefa, ta ragu da rabi. Shinkafa, sukari, magani, duk suka yi tsada. Lokacin ina kai abinci a wani gidan cin abinci a Ƙonni. Kuɗin kwanon shinkafa ya hau. Albashina bai motsa ba.

An yi sulhu a 1995. Baƙi suka koma Agadas sannu a hankali. Abokaina da yawa suka koma. A 2007 wani tawayen ya tashi. A 2010 aka sace ma'aikata baƙi a Arlit. Otel-otel suka sake zama fayau.

Mu a Ƙonni baƙinmu daban ne: direbobin manyan motoci da ƴan kasuwa masu shiga Illela ta Najeriya. Amma ciwon ɗaya ne. A 2019 Najeriya ta rufe iyaka fiye da shekara guda. A 2023, bayan juyin mulki, aka sake rufe ta wata da watanni. Duk ranar da hanya ta mutu, ma'aikaci ne farkon wanda ake ragewa.

To, ƴan uwa, ga abin da ban sani ba da can. Ƙasa tana da doka a kan mafi ƙarancin albashi. Daga 2012, jika 30 ne da ƴan kai a wata. Daga baya, aka mai da shi jika 42. Duba ka gani, fiye da shekara goma bai motsa ba, alhali kayan masarufi suna ta hawa. Ga shi kuma da yawa daga cikinmu, masu wanke-wanke da masu shara, ko wannan ɗin ba ya kai mana. Dalili? Ba mu da takarda.

Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci na gane maganar Baba. Yanzu ina karanta abin da zan sa wa hannu. Ina da ɗan littafi, ina rubuta ranar biya da abin da aka ba ni.

Bara ɗan ƙanena ya ce zai tafi aikin otel a Yamai. Na zaunar da shi. Na ce: "Ɗana, tambayi albashin wata kafin ka ɗaura kaya. A rubuta shi, ku sa hannu ku biyu. In kado ya zo, ka gode wa Allah, ka sayi akuya. Kada ka yi lissafin gida da shi."

Ya ce: "Baba, in mai gida ya ƙi rubutawa fa?"

Na ce: "To, ka san irin gidan da za ka shiga ke nan. Ko ka shiga, ka riƙe littafinka. Kuma kada ka saki gonarka."

Damina ta kusa. Ya aiko cewa yana nan tafe shuka.